Malam Kwanta

Sunan da aka raɗa masa a Dauran, cikin ƙasar Zurmi, Zakariyya ne. Ubansa manomin gero da dawa ne, kuma cikin 'ya'yan gidan shi kaɗai ya bi boko har ya fito da takardar koyarwa. Ba wani hasken kai ne da shi na a zo a gani ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne baki. In ya tsaya gaban allo ya fara bayanin yadda gulbin Gagare ke gangarowa, da inda Bunsuru ke ratsa ƙasar Zurmi ya nufi Shinkafi, sai ka ce da ƙafarsa ya bi su tun daga tushe. Yakan zana su da alli yana kallon yara, bai waiwayi allon ba.

Bai riƙe bulala. Dabararsa ita ce, in hayaniya ta tashi a aji, sai ya sassauta murya, ya yi ƙasa da ita har sai wanda ke son ji ya zunguri na kusa da shi ya ce ya yi shiru. A Gurbin Bore, inda aka fara tura shi, ajinsa ba rufi, iska ta yaye kwanon tun kafin zuwansa. Duk da haka yaran Fulani masu kiwo sukan jingina da taga suna sauraro, har shanu su faɗa gonar mutane, a zo ana faɗa da hedimasta. A can ya auri Kulsumu, 'yar Shinkafi. Suka haifi Aliyu, bayansa aka yi ta haihuwa ana komawa, sai daga baya Rahina ta zo ta zauna.

Ya manyanta, furfura ta fara fito masa a gemu, lokacin da aka mayar da shi Kurya Madaro. Aliyu ya zama saurayi, yana kabu-kabu da babur tsakanin Kurya da Ƙaura. Wata safiya cikin damina, gero ya kai kafaɗa, Malam Zakariyya na tsakiyar darasi sai ya ji rugugin babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowa a ƙasar ya san ma'anar wannan ƙara. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a aji ba, ran nan ya kwarara ihu, “Ku kwanta! Kowa shi kwanta!” Ya rinƙa tura yara ƙarƙashin benci, shi kuma ya shige ƙarƙashin tebur da ƙanana biyu a jikinsa, tafinsa a kan bakin ɗaya don kada kukanta ya fita. 'Yan bindiga suka wuce ta bayan makarantar suka faɗa gari. Harbi ya daɗe. Ko ƙwarzane ba a yi wa yaro ɗaya a ajinsa ba.

Da abin ya lafa aka tsinci gawar Aliyu a bakin hanya, ba babur. Sun tare shi yana dawowa daga Ƙaura, ya yi gardamar sauka.

Makaranta ta watse, mutane suka yi ta kwashe kaya. Malam Zakariyya ya kama ɗaki biyu a Ƙaura Namoda, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya yi ta zirga-zirgar neman a sauya masa wurin aiki, ana ce masa ya dawo. Jikinsa lafiya lau, yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Abu ɗaya ne ya rage masa. In babura sun wuce a jere, ko taya ta fashe, sai wuyansa ya sandare, gumi ya karyo masa, ya nemi bango ya dafa. Kulsumu ta sani, Rahina ta sani, ba wanda ke ɗaga maganar.

A haka ya sami aiki a makarantar kuɗi ta Alhaji Hamisu. Shi Alhaji Hamisu mai manyan motoci ne da ke dakon hatsi zuwa kudu, ya ga makaranta ma sana'a ce, ya gina ɗaya. Abin da ya fi jan Malam Zakariyya shi ne 'ya'yan malamai kyauta suke karatu, Rahina kuwa ta kai shiga sakandare. Roƙo ɗaya ya yi, a ba shi ajin da ke can ƙurya, nesa da titi. Aka ba shi. Shekarar farko ta yi kyau. Yaran birni sun fi na ƙauye rawar kai, amma da ya sassauta muryar nan sukan nutsu.

Shekara ta biyu Alhaji ya dawo daga wata tafiya da kwalaye cike da kwamfutocin hannu, waɗanda yara ke kira tab. Aka kafa sola a kan rufi, aka rataya majigi da lasifika a kowane babban aji, aka ɗaura ƙyalle a ƙofar makaranta da hoton yaro yana murmushi yana shafa gilashi. Iyaye suka yi ta tururuwa. Kowane ɗalibi a ajin manya ana ba shi tab da safe, ya mayar in an tashi.

Kada a yi masa ƙarya, Malam Zakariyya bai ƙi abin ba. Ranar da aka nuna wa malamai yadda ake aiki da shi, ya ga duniya dunƙule tana juyawa a ƙarƙashin yatsansa, ya matso da ita har ya gano Ƙaura da layin dogo. Ya ga teku yana motsi, abin da ya yi shekaru yana bayani bai taɓa gani ba. Ya koma gida yana ba Kulsumu labari kamar yaro. Da yamma Rahina kan zauna kusa da shi a tabarma tana nuna masa inda zai taɓa, yana kuskurewa, tana dariya. Ya ɗauka yanzu ne aikinsa zai yi daɗi.

Ba a rufa wata ba ya gane ajin ya tafi ya bar shi. Darussa aka zuba a cikin na'urorin, amma yara sun san hanyar masu tura fina-finai a bakin tasha, sun san yadda ake wuce abu daga waya zuwa tab ta bulutut. Hayaniya ta ɗauke gaba ɗaya. Duk wanda ya leƙo ta taga zai ce bai taɓa ganin aji mai ladabi irin wannan ba, kawuna a sunkuye, yatsu na tafiya. Malam Zakariyya ya yi ƙasa da murya kamar yadda ya saba, ba wanda ya zunguri wani. Ya yi tambaya, sai ya kira suna sau biyu kafin a ɗago a ce, “Na'am, Malam?” Wata rana ya katse magana a tsakiyar jimla, ya tsaya shiru riƙe da alli don ya ga ko za a lura. Yana nan tsaye har aka kaɗa ƙararrawa.

Ya sami Alhaji a ofis.

“Ranka shi daɗe, alfarma nika nema. A bari in karɓe abubuwan ga rabin darasi, in mun gama bayani sai in maida musu.”

Alhaji yana duba wayarsa ya ce, “Malam, iyayen ga don mi sunka kawo ɗiyansu nan? Don alli? Alli akwai shi makarantar gwamnati kyauta.”

“Ba su ji, Alhaji. Jikinsu na aji, hankalinsu na wani wuri.”

“To kai ka jawo hankalin. Aikinka ke nan.”

A ajin akwai Hafiz, ɗan wani babban dillalin hatsi da ke ba motocin Alhaji lodi. Yaro ne mai kaifin kai da iya kwaikwayo, in ya yi tafiyar hedimasta sai ka rantse shi ne. Malam Zakariyya na son sa, don a shekarar farko shi ke fara ɗaga hannu. Wata rana ya zagaya ta bayansa ya tarar yana kallon 'yan kokawa. Ya zare tab ɗin daga hannunsa, ya sa shi tsayuwa gaban aji har aka fita tara. Wannan ne hukunci mafi tsanani da ya taɓa yi wa yaro. 'Yan mata suka yi ta ƙunshe dariya. Hafiz ya riƙe abin a ransa.

Yaron kuwa na da ido. Ya daɗe da lura cewa ko daga nesa babur ya yi ƙara, allin Malam kan tsaya a kan allo. Ya nemo wani fim na yaƙi, ya yanko wurin da babura ke rugugi ana ɓarin wuta, ya haɗa tab ɗinsa da lasifikar majigi, ya ƙure murya. Ya gaya wa na kusa da shi su shirya kyamara.

Da hantsi ne, Malam Zakariyya ya juya baya yana rubutu. Ƙarar ta faɗo daga saman kansa ta cika ɗakin.

“Ku kwanta! Kowa shi kwanta!”

Ya fizgo yarinyar da ke bencin gaba ya kai ta ƙasa, ya rarrafa ya shige ƙarƙashin tebur. Hularsa ta gangara. Yana salati, yana kiran Aliyu, yana cewa, “Ba su babur ɗin, Aliyu, ba su.” Fitsari ya ratso wandonsa ya malalo a siminti.

Sai ƙarar ta ɗauke. Ya ji wata irin hayaniya da bai gane ba da farko. Dariya ce. Ya leƙo daga ƙarƙashin tebur ya ga duk ajin a tsaye, wasu kan benci, kowa ya ɗaga tab ya saita shi. Tun da aka kawo na'urorin bai ga fuskokinsu duka sun juyo gaba ba sai ran nan. A taga akwai yaran ajin maƙwabta da suka rugo jin ihu. Rahina na cikinsu.

Ya fito, ya ɗauki hula, ya ja babbar rigarsa ya rufe gabansa, ya bi ta ƙofar baya zuwa gida.

Washegari Alhaji ya aika a kira shi. Yana shiga ya ji muryar kansa na fitowa daga wayar da ke kan tebur. Alhaji ya yi sauri ya kashe, yana goge ido da bayan hannu, kumatunsa na rawa don danne dariya.

“Zauna, Malam. Abin bai yi daɗi ba. Uban Hafiz ya zo nan da kansa ya ba ni haƙuri.”

“Kai ya ba haƙuri, ranka shi daɗe?”

“To makarantata ce. Yara ne, ka san halinsu. Na sa shi sharar fili.” Ya gyara zama. “Sai dai uban yarinyar ga da ka jawo ya kawo ƙara. Gwiwarta ta guje. Ya ce malami namiji bai da hurumin kama mishi ɗiya.”

 Malam Zakariyya ya ce, “Alhaji, ka san abin da ya faru Kurya. Na gaya maka ranar da ka ɗauke ni.”

“Na sani, Allah shi jiƙan yaro. Amma nan ba Kurya ba ce.”

“A goge hoton, shi kaɗai nika roƙo.”

“An goge na cikin tab. Wanda ya fita kuwa, Malam, ko ni turo min anka yi.”

Kulsumu ta ce kada ya koma. Ya ce in ya bari, karatun Rahina fa? Ya wanke rigarsa ya koma ranar Litinin.

Ya tarar da ajin da ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi. Ba mai kallon kokawa, ba mai wasa. Ido duka a kansa, in ya matsa hagu su bi shi, in ya matsa dama su bi shi. Ba wanda ke jin abin da yake faɗa. Jira suke. Ya juya zai yi rubutu sai wani ya saki littafi a ƙasa, tim. Wani ya kaɗa leɓe yana kukan babur. Ya waiwayo ya ga tab a ɗage, fuskoki a shirye. Ya daina juya baya, ya koma karanto darasi daga littafi, jingine da allo. Da suka sake sakin ƙarar, daga wayar da wani ya ɓoye cikin safa, bai faɗi ba. Ya riƙe gefen tebur da hannu biyu, haƙoransa na haɗuwa, har suka gaji suka kashe. Wannan ma sun ɗauka, sai dai bai yi farin jini kamar na farko ba.

Kafin ƙarshen zango Alhaji ya sallame shi. Ya ce iyaye na ƙorafi, ba su son mai taɓin hankali kusa da 'ya'yansu. Ya ce Rahina na iya ƙarasa shekara, shi ba azzalumi ba ne.

Rahina ba ta ƙarasa ko mako ba. Ɗiyar Kwanta ake kiran ta. In ta shigo aji sai wani ya zube ƙasa yana shure-shure, a fashe da dariya. Ta ninke hijabin makaranta ta sa a ƙasan akwati. Tun ranar da ta gan shi ta taga ba ta ƙara haɗa ido da ubanta ba. Takan ajiye masa abinci ta ce, “Baba, ga tuwo,” tana kallon kwanon.

A gari kuwa hoton ya riga ya zama na kowa. Masu cajin waya na zuba shi kyauta a kan fina-finai. Wani ya yanko ihun ya ɗora masa kiɗa. Wani ya mayar da shi ƙarar kira. Yawancin masu dariyar nan kowannensu na da wanda 'yan bindiga suka kashe masa ko suka ɗauke, wasu ma da ƙafa suka gudo Ƙaura daga ƙauyukansu, amma hakan bai hana ba. 'Yan kabu-kabu in sun hango shi zai tsallaka titi sai su lallaɓo ta bayansa su murɗa mai, su ce, “Malam Kwanta, a kwanta mana.” Ya daina zuwa masallacin Juma'a na cikin gari, yana takawa zuwa wani ƙarami a bayan gari.

Kulsumu ta je gidan suna. Ana cikin rabon abinci wayar wata mata ta yi ƙara a cikin jaka, sai ga muryar mijinta, “Ba su babur ɗin, Aliyu, ba su.” Matan suka kwashe da dariya, ban da waɗanda suka san ta. Mai wayar ta ɗauka ta ci gaba da gaisawa. Kulsumu ta ajiye kwano, ta nemi takalmanta. Da ta isa gida ta fara ɗaure kaya.

“Malam, mu tai Shinkafi wurin Yaya Amadu. Ni na gama zama garin ga.”

Bai yi musu ba.

Amadu, yayan Kulsumu, yana da rumfar hatsi a kasuwar Shinkafi. Ya ba su ɗaki a gidansa, ya ba surukinsa basilla da zare ya ce ya riƙa ɗinke bakin buhu in an auna. Hoton ya riga su isa, amma a can ba kowa ya san fuskar ba, kuma Malam Zakariyya ya aske gemu, yana zama can cikin rumfa bayan tarin buhuna. Ya iya ɗinki, layinsa a miƙe. Magana ce ya rage. Wani maƙwabci ya roƙe shi ya riƙa yi wa 'ya'yansa darasi da yamma, ya ce ido ya yi rauni. Rahina ta koma taya uwarta soya awara. Makarantar Alhaji Hamisu kuwa ta ƙara bene, an ce har daga Zurmi ake kawo yara.

Damina biyu ta wuce. Wata Alhamis, ranar kasuwa, wani saurayi ya shigo rumfar da sallama, sanye da shadda mai sheƙi, abokinsa na biye da shi. Ya durƙusa har ƙasa.

“Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba? Hafiz ne.”

Malam Zakariyya ya gane shi tun daga sallama. Ya amsa gaisuwar, bai ajiye basilla ba.

“Na daɗe ina neman ka, Malam. Abin da munka yi ƙuruciya ce, ka yafe muna.”

“Allah shi yafe muna baki ɗaya.”

Hafiz ya yi murmushi, ya gyara durƙuso. Ya ce ya bar karatu, yanzu wasan barkwanci yake yi a waya, yana da mabiya har Sakkwato da Maraɗi. Ya ce duk abin da ya saka, mutane sai sun tambayi ina Malam Kwanta. Ya karɓi leda daga hannun abokinsa ya ajiye a kan buhu, yadin shadda ne da hula.

“Shi ne na ce in ka yarda mu sake ɗauka. Wancan bai fito da kyau ba, hannu na rawa. Yanzu muna da kyamara ta ƙwarai. Wasa ne kawai, Malam, ba sai ka yi abin ga na wando ba. Kai ma ka samu na cefane.”

Malam Zakariyya ya soka basilla, ya jawo zare, ya sake sokawa. Ya kai ƙarshen buhun ya ƙulle, ya yanke zaren da haƙori. Ya ce, “Ɗauki kayanka, yaro.”

“Malam, ka yi tunani dai.”

“Ɗauki kayanka.”

Amadu ya taso daga wurin awo ya tambayi lafiya. Hafiz ya miƙe ya ce ba komai, malaminsa ne, gaishe shi ya zo yi. Ya ɗauki ledar, ya yi sallama cikin ladabi. Abokin, wanda tun shigowarsu ya riƙe waya a daidai ƙirjinsa kamar mai duba saƙo, ya sa ta aljihu ya bi shi.

Kafin sati ya zagayo sabon hoton ya shigo kasuwar Shinkafi. Tsoho ne a bayan buhuna yana yanke zare da haƙori, an ɗora masa tsohon ihun a kai, an rubuta a ƙasa cewa an gano inda Malam Kwanta ya ɓuya. Yanzu kowa ya san fuskar, kowa ya san rumfar. 'Yan dako suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna leƙe. Amadu ya kore su, ya sake kora, da ya ga suna hana masu saye shigowa sai ya ce wa surukinsa ya huta a gida tukuna, zai riƙa aiko masa da buhunan da suka yage ya yi musu faci.

Can yake har yanzu, a zauren gidan Amadu. Ana kawo buhuna a baro da safe, a kwashe da la'asar.